TUN RAN GINI TUN RAN ZANE: A SAN AIKI KAFIN A KAFA KWAMITI

 

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani hali da dukanmu muke da shi. In wata damuwa ta taso a gari, ko rijiya ta rufta, ko taki ya yi wuyar samu, ko iska ta yaye rufin makaranta, sai a yi shela a taru a ƙofar mai gari. Ba a daɗe da zama ba wani zai ce, "A kafa kwamiti." Nan da nan sai a zaɓi shugaba, da mataimakinsa, da magatakarda, da ma'aji. A yi tafi, a watse, kowa yana murna an yi abin kirki.

Bayan wata uku, in ka tambayi magatakarda abin da suka yi, sai ya ce suna jiran shugaba ya kira taro. In ka tambayi mutum uku daga cikinsu dalilin da ya sa aka naɗa su, sai ka ji amsa iri uku. Wannan shi ne taron tsintsiya ba shara. Sau da yawa mutanen da aka zaɓa ba su da laifi, mutanen kirki ne. Kuskuren tun ranar farko aka yi shi, gama an zaɓi ma'aikata tun ba a faɗi aikin ba.

DUBI YADDA AKE GAYYA

Iyayenmu ba haka suke yi ba. Mai kiran gayya yakan faɗi abu uku tun daga ƙofar gida: ga gonar, ga ranar, ga irin aikin. In maimai ne, kowa ya zo da fartanyarsa. In huɗa ce, a nemi masu garma. In ɗaukar jinka ce, ba a bukatar mutum hamsin, majiya ƙarfi kaɗan sun isa. Kowa kuma ya san lokacin da aikin zai ƙare, watau sa'ad da aka kai ƙarshen gona aka zauna shan fura. Ba mu taɓa jin wanda ya tara samari a gonarsa ba, sa'an nan ya ce musu, "To, me kuke gani ya kamata mu yi yau?"

Aikin ne yake faɗin ko su wa za a kira, ko mutum nawa, da kayan da za su riƙo. Domin mu ga nauyin wannan magana, bari mu tuna da wani babban abu da ya faru a ƙasarmu, wanda da yawa daga cikinmu sun gani da idonsu.

ABIN DA YA FARU A 2010

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suna zagaya ƙauyukan Jihar Zamfara domin lura da sanƙarau. Sai suka sami labarin yara ƙanana suna mutuwa da yawa a waɗansu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum. Yaro yakan yi amai, jikinsa ya riƙa jijjiga, ya suma, ya rasu. Da fari an zaci zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani, ko kuwa sanƙarau. Aka ba da magungunan waɗannan cututtuka, amma mutuwa ba ta tsaya ba. Sai da aka aika da jinin yara aka auna, sa'an nan aka gane gubar dalma ce.

Ga yadda abin ya samo asali. Zinariya ta yi tsada a duniya, mutane da yawa suka shiga haƙa. Duwatsun da ake haƙowa kuwa suna da dalma mai yawa ƙwarai. Aka riƙa kawo su cikin gari, ana farfasawa, ana daka a turmi, ana niƙa a injin irin na niƙan hatsi, ana shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi ɗakuna da ƙasar da yara suke rarrafe a kai. Yaro kuwa duk abin da hannunsa ya taɓa, baki yake kai shi.

A watannin Mayu da Yuni na shekarar, ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, watau CDC, tare da ma'aikatan lafiya na Nijeriya, suka bi gida gida a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. A gidaje 119 suka ƙidaya yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar. Daga cikinsu 118 sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Cikin yaran da aka auna jininsu, 97 cikin 100 suna da dalmar da ta kai a ba su magani da gaggawa. A ƙarshe an lasafta yaran da suka rasu a yankin sun kai 400 ko fiye.

Sai mu lura da abu na fari. Da a ce an yi hanzari an kafa kwamitin yaƙi da sanƙarau, an ba shi mota da allurai, da ya yi ta wahala yara suna ta mutuwa. Muddin ba a san ainihin damuwar ba, ƙoƙarin mutanen kirki ma a banza yake tafiya.

AIKI UKU, BA ƊAYA BA

Da aka san cutar, masu taimako suka zo daga wurare da yawa: gwamnatin jiha da ta tarayya, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da sauransu. Da an ga dama, da sai a tara su duka a ce musu, "Ku taimaki mutanen Anka da Bukkuyum." Amma da aka duba sosai, sai aka ga aiki uku ne dabam dabam:

1. A cire dalma daga jikin yara.
2. A kwashe ƙasar da ta gurɓace daga gidaje da hanyoyin gari.
3. A sake yadda ake sarrafa duwatsun, domin kada gubar ta komo.

Aiki na fari na likitoci ne. MSF ta buɗe wuraren jiyya a asibitocin Bukkuyum da Anka. Ta kuma iyakance aikinta a fili: yara 'yan ƙasa da shekara biyar za a fara da su, gama su ne dalma take kashewa da sauri. Maganin da ake ba su yakan kama dalmar da take cikin jini, ya fitar da ita ta fitsari. Ana shansa har makonni, waɗansu yara kuma sai an maimaita musu sau da yawa.

Aiki na biyu ba na likita ba ne. Wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics, tare da ƙungiyar Blacksmith Institute da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Zamfara, su suka ɗauke shi. Suna da na'urar hannu wadda ake ɗorawa a ƙasa ta faɗi yawan dalmar da take wurin. Inda ta yi yawa, sai a kankare saman ƙasar kamar santimita 5, a zuba a buhuna, a kai wani rami da aka haƙa a bayan gari a binne. Sa'an nan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa.

Ga wani abin lura. Likitoci suka ce ba amfani a ba yaro magani, sa'an nan a mai da shi gidan da ya sha gubar, gama zai sake sha. Saboda haka masu kwasar ƙasa suka san daidai abin da ake nema a gare su: a gama tsabtace gida kafin a sallamo yaro da uwarsa daga asibiti, a kuma yi sauri kafin damina ta kankama ta yanke hanya. A watannin Yuni da Yuli na 2010 aka yi aikin Dareta da 'Yargalma. Daga Oktoba na 2010 zuwa Maris na 2011 aka yi na Abare, da Tungar Guru, da Tungar Daji, da Sunke, da Duza. Inda aka tsabtace aka kuma ba da magani, mutuwar yara ta ragu ƙwarai.

AIKI SHI YAKE ZAƁEN MUTANENSA

Tun da an san aikin, ba a sha wuyar sanin waɗanda za su yi shi ba. Kankare ƙasa da fartanya da shebur aikin manomi ne, saboda haka mutanen ƙauyukan aka ɗauka, ana biyansu. Gidajen da za a shiga kuwa na iyali ne, matan aure suna ciki, baƙo namiji ba ya faɗawa haka kawai. Don haka aka bukaci yardar sarakuna da hakimai da masu gari, aka kuma bukaci mata ma'aikata da za su shiga su yi magana da matan gida. Fitar da injinan niƙa daga cikin gari ma sai da bakin shugabanni.

Ba wanda aka sa cikin aikin domin kada ransa ya ɓaci. An sa kowa domin akwai wani abin da in ba shi, ba zai yiwu ba. Mu kuwa a kwamitocinmu mukan ce, "A sa Alhaji wane, kada ya ce an raina shi. A sa mutum ɗaya daga kowace unguwa." Haka za a tara mutum ashirin, a rasa ko ɗaya da ya iya aikin.

DARASIN BAGEGA

Bagega ta fi sauran ƙauyukan girma, nan ne kuma aka fi sarrafa duwatsu. An ƙiyasta yara wajen 1,500 suna cikin haɗari a can. Amma kuɗin tsabtace ta bai samu ba, likitoci kuwa ba su iya fara jiyya ba sai an tsabtace. A watan Mayu na 2012 aka yi babban taro a Abuja a kan batun. An yi jawabai, an tsara shawarwari, ga alkawarin Naira miliyan 850 daga gwamnatin tarayya. Duk da haka shekarar ta ƙare ba a tsabtace Bagega ba.

Sai waɗansu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, tare da ƙungiyar kare hakkin ɗan Adam ta Human Rights Watch, suka tashi da magana guda ɗaya tak: a saki kuɗin Bagega. Ba su ce za su gyara dukan matsalolin Zamfara ba. Wannan magana ɗaya suka yi ta maimaitawa a jaridu da intanet, har ta kai kunnen manya. A watan Janairu na 2013, a zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, aka saki kuɗin. Cikin shekarar aka tsabtace Bagega, likitoci suka fara ba yara magani.

Mutane kaɗan masu bukata ɗaya bayyananna sun ci nasara a inda babban taro bai wadatar ba. Amma jinkirin ya yi tsada, gama lahanin da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwar yaro, magani ba ya mai da shi.

AIKIN DA YA RASA MAI SHI

Aiki na uku shi ya fi jinkiri. Kowa ya yarda a daina kawo gubar gida, amma wa zai ɗauki nauyin, kuma mene ne ainihin abin da za a yi? Waɗansu suka ce a hana haƙa ɗungum. Waɗansu suka ce mutumin da yake ci da iyalinsa da wannan sana'a ba zai bari ba, sai dai ya koma yi a ɓoye cikin gida, abin ya fi muni. Tun da ba a daidaita a kan manufa ɗaya ba, sai dalma ta sake komowa waɗansu gidajen da aka riga aka tsabtace. A 2015 kuma irin wannan masifa ta auku a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara aƙalla 28 suka rasu.

Sai da aka faɗi aikin da kalmomin da mai haƙa zai gane, sa'an nan aka ga ci gaba. MSF da wata ƙungiya mai suna OK International suka zauna da masu haƙa a kan abubuwa kaɗan: a riƙa fesa ruwa lokacin niƙa domin ƙura ta kwanta, a yi wanka a sake tufafi kafin a koma gida, kada kuma a kai dutse ko kayan aiki cikin gari. Da aka auna a inda aka gwada fesa ruwan, dalmar da take cikin iska ta ragu da kashi 95 cikin 100.

Daga Mayu na 2010 zuwa Disamba na 2021, MSF ta auna jinin yara 8,480, ta ba 3,549 maganin cire dalma. A farkon 2022 ta miƙa aikin ga hukumomin Jihar Zamfara. Ta iya miƙawa ne domin tun fari ta san abin da ta zo yi, ta kuma san alamar da za ta nuna lokaci ya yi.

YADDA ZA MU YI A GARINMU

Ayyukanmu na yau da kullum ba su kai wannan girma ba, amma hanyar ɗaya ce. Kafin a ambaci sunan kowa, a zauna a amsa tambayoyi biyar. Magatakardan taro ya rubuta amsoshin, a karanta wa jama'a.

1. Mece ce ainihin damuwar? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tambayi waɗanda abin ya fi shafa.
2. Mene ne muke so mu gani an yi? A faɗe shi cikin magana ɗaya, wadda yaro ma zai iya maimaitawa.
3. Mene ne ba na wannan kwamiti ba? A faɗi iyakarsa, kamar yadda ake kafa iyakar gona.
4. Yaushe za a gama, kuma da me za mu san an gama?
5. Wa za a kawo wa labari, sau nawa?

Bari mu ba da misali. A ce mutanen wata unguwa a Nasarawa Burkullu suna kukan ruwa. Abu mai sauƙi shi ne a kafa "Kwamitin Ruwa." Amma ruwa magana ce mai faɗi. Wani zai zaci an naɗa shi ne ya je Gusau neman sabuwar rijiyar burtsatse. Wani zai zaci tara kuɗi ne. Wani kuma yana tunanin rabon layi tsakanin mata da 'yan garuwa da masu shayar da dabbobi.

In aka tambayi matan da yaran da suke ɗiban ruwan, watakila a tarar famfo biyu ne suka lalace tun bara, ba wanda ya san ko nawa ne kuɗin gyara. To, sai manufar ta zama haka: "A gyara famfunan nan biyu kafin watan Maris, a kuma riƙa ajiye kuɗin gyara kowane wata." Yanzu mun san waɗanda muke bukata: wanda ya san mai gyara da inda ake sayen kayan, da mace ɗaya ko biyu daga masu ɗiba, da ɗan garuwa ɗaya, da amintaccen mutum mai iya rubuta lissafi. Mutum biyar sun isa. Neman sabuwar rijiya ba nasu ba ne. In jama'a suna so, wannan wani aiki ne, da waɗansu mutane.

Ranar da aka sa in ta zo, ba sai an yi gardama ba. Ko famfo yana ba da ruwa, ko ba ya bayarwa. Ko akwai kuɗi a littafi, ko babu.

WAƊANSU GARGAƊI

Kada a ɗora wa kwamiti ɗaya kaya uku. In ya yi aikin famfo da kyau, jama'a sukan ce, "Ku riƙe mana batun taki ma, da na makaranta." Jakin da aka yi wa lodin raƙumi ba ya kai kasuwa.

In ayyuka biyu sun dogara da juna, a faɗi wanda zai riga, kamar yadda kwasar ƙasa ta riga magani. Masu sayen iri su san ranar da masu tara kuɗi za su gama.

In hali ya sake, a koma wurin jama'a a sake manufar a fili. Mun sani a shekarun nan rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa, ya kuma raba waɗansu da garuruwansu. Shirin da aka yi lokacin kwanciyar hankali, watakila ba zai yiwu yanzu ba. Ba abin kunya ba ne a ce, "Wannan ba za mu iya ba bana, ga abin da za mu iya."

In aiki ya ƙare, a karanta lissafi, a gode wa ma'aikata, a sallame su. Kwamitin da ba shi da ranar gamawa yakan zama sarauta, sarauta kuwa takan jawo jayayya.

Wani zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, ga damuwa tana jira. Amma zaman yini ɗaya na daidaita manufa ya fi shekara guda ta taron da ba a san dalilinsa ba. Zanen da ba a yi wa tukunya tun tana ɗanya ba, in ta bushe ba ya yiwuwa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

Muna roƙo a karanta wannan a taron ƙungiyar manoma, da ta mata, da ta matasa, a kuma amsa waɗannan tare:

1. Kwamiti nawa muke da su a garinmu yanzu? Wanne ne ya zauna cikin wata ukun da suka wuce?
2. A tambayi mutum uku na kwamiti ɗaya, kowa shi kaɗai, aikin da aka ba su. Amsarsu ta zo ɗaya?
3. Akwai aikin da kowa ya yarda yana da muhimmanci, amma ba wanda aka danƙa wa?
4. Akwai mai kawo duwatsun zinariya, ko tufafin aikin haƙa, cikin gida a unguwarmu? Wa zai yi masa magana, yaushe?

Ku rubuto mana abin da kuka tarar, domin waɗansu garuruwa su ƙaru da shi. Sai fitowa ta gaba. Mu zauna lafiya.